Filtar maganaɗisu tana ɗiga? Ajiye sifana tukuna

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce an kira ka wani gida a GRA, maigidan ya daɗe a Ingila, da ya dawo ya sa aka haɗa masa tukunyar ɗumama ruwa da lagiretocin bango irin na can saboda sanyin hunturu. Wani baƙin gwangwani da ke jikin bututu kusa da tukunyar yana ɗiga, ka ɗaure murfin da ƙarfi bai daina ba, kana tambaya ko ka naɗa masa tef ko ka zuba gam.

Kada ka yi ko ɗaya, kuma kada ka ƙara ɗaurewa.

Sai ka san aikin abu kafin ka san ciwonsa. Ruwan da ke cikin waɗannan bututu ba irin na famfon banɗaki ba ne, mai shigowa ya wuce. Ruwa ɗaya ne a kulle, famfon lantarki mai tura ruwa yana tura shi daga tukunya zuwa ɗakuna ya dawo. Lagiretocin kuwa ƙarfe ne, cikinsu yana cin tsatsa a hankali, tsatsar ta zama wani gari baƙi ƙirin kamar kwalli. Idan garin nan ya isa tukunya yakan toshe ƙananan hanyoyinta, ya cinye famfo. Shi ya sa ake ɗaura filtar, wato baƙin gwangwanin nan, a bututun dawowa, dab da tukunya, galibi bututu mai faɗin milimita 22. A tsakiyarta akwai sandar maganaɗisu mai ƙarfin gaske da ke kame garin. MagnaClean da Fernox TF1 su ne waɗanda aka fi sani a Ingila, duba jikinta za ka ga suna da lamba, ka ɗauke su a hoto.

Inda ka ga ɗigo yana faɗowa, sau da yawa ba nan ne yake fitowa ba. Ruwa yana bin jikin gwangwanin ya taru a ƙasa, kai kuma ka zargi ƙasan. Goge komai ƙayau da tsumma. Yayyaga tishu ka naɗa a gindin murfi, a ƙaramin bawul na fitar da iska da ke sama, a notocin da suka haɗa filtar da bawul biyu na shiga da fita, da kan sandar kowane bawul. Ja kujera ka zauna. Tishun da ya fara jiƙewa, wanda ya fi sauran zama a sama, shi ne mai laifi. Ka gwada da sanyi, ka sake gwadawa bayan an kunna, domin akwai yoyon da ba ya nunawa sai ruwa ya yi zafi.

Na fi zargin robar murfi. Abin da ke tsare ruwa a nan zobe ne na roba da ke kwance a ramin murfin, ba haƙoran murfin ba. Haƙoran matsewa kawai suke yi. Don haka tef ɗin da za ka naɗa musu ba abin da zai tsare, sai ma ya hana murfin zama daidai. Ɗaurewa fiye da kima kuwa tana murƙushe zoben, kuma yawancin filtocin nan jikinsu roba ce mai tauri, tana tsagewa. In ta tsage, magana ta ƙare, sai sabuwa. Gam ba ya riƙe ruwan zafi mai matsi, haka ma robar tif da muke ɗaure bututun tanki da ita.

Kafin ka buɗe, kashe tukunyar daga makunni, ko da NEPA ta ɗauke. Wuta tana iya dawowa, ko a tada janareta, famfo ya tashi alhali hannunka na ciki. Bar ruwan ya huce sosai, don yana kaiwa digiri 60 zuwa 70 har ya wuce. Rufe bawul biyu, ajiye bokiti, sassauta bawul ɗin iska matsin ya sauka, sannan ka kwance murfin da sifanar da ta zo da filtar. Nisanta waya da katin banki daga maganaɗisun, ka kula da yatsunka, kuma idan akwai mai na'urar bugun zuciya a gidan kada ya matso.

Ga inda namu ya bambanta da na Turai. Su suna kunna nasu watanni da yawa a shekara, mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu an gama. Sauran watannin bawul suna zaune ba mai taɓa su, su cije, roba ta bushe. Ka juya su a hankali. Idan ka rufe amma ruwa bai daina zuwa ba, ko sandar bawul ta fara tsatsafa, to sai an sauke ruwan tsarin an canja bawul ɗin. Faɗa wa maigidan wannan tun kafin ka sa hannu, kada ya ce kai ka ɓata.

Wanke maganaɗisun, ka ciro zoben da farce ko tsinke, ba da sukundireba ba, don ƙarzane ɗaya a ramin ya isa ya jawo yoyon da ba ya jin magani. Miƙa zoben a haske. In ya baje, ko ya yi tauri, ko ka ga tsaga, jefar da shi. Wani lokaci ma lafiyarsa lau, ƙwayar yashi ce ta shige ƙarƙashinsa, kuma da ƙurar hunturun nan kada ka kuskura ka ajiye shi a ƙasa. Sabon zoben ya zama na samfurin filtar. Ba lallai ka same shi a kasuwar Sabon Gari ba, gara maigidan ya yi odarsa da lambar da ka ɗauka. Zoben masu gyaran mota galibi an yi shi ne don mai, ba lallai ya daɗe a ruwan zafi ba. Shafa masa giris ɗin silikon kaɗan. Basilin da giris ɗin mota suna kumbura irin wannan roba. Mayar da murfin da hannu har ya zauna sosai, shi ke nan. In kuwa notocin gefe ne suke ɗiga, cikinsu ma wosha ce ta roba, ita za ka canja.

Buɗe bawul, fitar da iska har ruwa ya fito, ka cika har allurar agogon matsi ta tsaya tsakanin bar 1 da 1.5 a sanyi. Kunna, ka tsaya ka kalli allurar. Idan ta yi ta hawa tana neman 3, inda bawul ɗin kariya yake buɗewa, tulun da ke shanye kumburin ruwa ne ya rasa iskarsa, kuma in ba ka gyara shi ba za a sake kiranka kan wannan ɗigar.

Abin da ya fi damuna shi ne tsawon lokacin da ta ɗauka tana ɗiga. Tambayi maigidan sau nawa ake ƙara ruwa. Kowane ƙari yana shigo da sabuwar iska, iskar ce ke haifar da tsatsa, kuma yana tsinka maganin hana tsatsa da ke cikin ruwan. Idan an daɗe ana haka, zuba sabon magani, irin su Sentinel X100 ko Fernox F1, ta cikin filtar kafin ka rufe murfi. Ka rubuta ranar a jikin bango, a riƙa wanke filtar sau ɗaya a shekara, a Nuwamba kafin sanyi ya sauka.

Ɓangaren gas na tukunyar kada ka taɓa shi, ban koya maka ba tukuna. Gobe ka fara da tishun, ka turo min hoton wanda ya jiƙe.