Maigidana Ya Sakar Wa Yaro Makullin Mota

Assalamu alaikum Anti. Damuwata a kan yaron wajena ce, ɗan shekara 16, wanda mahaifinsa ya sakar wa makullin mota. Na yi magana, na sake yi, amma kullum amsar ɗaya ce, wai namiji ne, kuma shi ma a shekarun nan ya koya. Da an idar da sallar isha'i sai abokansa su cika motar, ni kuwa in zauna da waya a hannu, gabana yana faɗuwa har ya dawo. Ranar ɗaurin auren 'yar maƙwabtanmu har wasan mota ya shiga, tayoyi suna hayaƙi, yara suna ihu, da aka gaya wa mahaifinsa kuma dariya kawai ya yi. Ban hana shi kai ƙannensa Islamiyya ba, tunda wannan cikin unguwa ne, fitar daren ce take hana ni barci. Na gaji da magana, yaya zan yi?

Wata uwa daga Kano

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ban ji ta bakin maigidanki ba, don haka ba zan yanke masa hukunci ba, amma uban da ya yi wa wasan mota dariya ya yi babban sakaci.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kai yara Islamiyya da kika ambata kamar ba komai ba. A Najeriya ba a ba da lasisin tuƙi sai an cika shekara 18, kuma dokar ba ta ware cikin unguwa ba, inda ƙananan yara suke fitowa daga lungu a guje. Muddin kina zuba masa ƙannensa da rana, maganarki ta dare ba za ta yi nauyi a kunnen mahaifinsa ba.

Iyaye, ku ji da kyau: wanda ya kashe rai bisa kuskure, akwai diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere, kuma balagaggen yaro bai kuɓuta ba.

Ki dakatar da aiken nan daga yau, sannan ki sanar da yayan maigidanki ko mahaifiyarsa su sa baki. Idan yaron ya cika 18, a kai shi makarantar koyon tuƙi da hukumar kiyaye haɗurra ta amince da ita, ya fara da babba a gefensa, da bel a ɗaure, ba waya, ba abokai, ba fitar dare.