Daga Bronx zuwa Greensboro: kafin ka ɗaure kaya

Wani ɗan'uwa ne ya rubuto daga unguwar Bronx ta birnin New York. Ya ce: "Malam, ta iyakar Meziko na shigo, na shigar da takardar neman mafaka, ina da izinin aiki, shari'ata tana kotun shige da fice ta nan. Kai abinci nake yi da keke mai batir. Yayana da ke Greensboro a jihar Karolina ta Arewa ya samo mini aiki, haya ma da sauƙi, Inna kuma daga Maraɗi kullum cewa take in koma kusa da shi. An ce a can 'yan sanda da ICE bakinsu ɗaya, a nan kuwa ba ruwansu da juna. Gaskiya ne? Sannan watan jiya an ƙwace mini keke, tsoro ya hana ni kai ƙara."

Ɗan'uwa, Allah Ya mayar da alheri. Abin da aka faɗa maka akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba.

ICE hukumar tarayya ce mai kama da korar waɗanda suka saɓa dokar shige da fice, 'yan sandan New York na birni ne, sherif kuwa mutanen gunduma ne ke zaɓensa, kuma a yawancin jihohi shi ke riƙe da makullin gidan yarin gundumar. Tun 1997 Kotun Ƙoli ta yanke cewa gwamnatin tarayya ba za ta tilasta wa jami'an jiha su yi mata aikinta ba. Shi ya sa kowane wuri ya ɗauki tasa hanyar. Birnin New York ya yi doka a 2014 cewa ba zai riƙe wa ICE mutum ba sai da warantin alƙali, kuma sai wanda aka samu da babban laifi. Wasu wuraren kuwa sun sa hannu a yarjejeniyar 287(g), wadda ke ba jami'an gunduma damar yin wani ɓangare na aikin shige da fice.

Karolina ta Arewa ta karkata can. A Nuwamban 2024 majalisar jihar ta tsallake ƙin amincewar Gwamna Roy Cooper, ta wajabta wa sherif-sherif su riƙe wanda ICE ta nema har awa 48. Kafin nan wasunsu, irin na gundumar da Charlotte take, sun daina wannan haɗin kai. Yanzu ba zaɓinsu ba ne. Ka fita Greensboro ka miƙa gabas kaɗan, ka shiga gundumar Alamance, wadda sherif ɗinta ya daɗe yana aiki kafaɗa da kafaɗa da ICE. Tafiyar rabin awa a mota, amma wata duniya ce daban.

Sai dai kada ka ɗauki New York tudun mun tsira. Dokar birni 'yan sandan birni ta ɗaure, ba ta ɗaure ICE ba. A 2025 an yi ta kama mutane a farfajiyar kotun shige da fice da ke 26 Federal Plaza, suna fitowa daga gaban alƙali. Ga kuma abin da mutanenmu ba sa lura da shi: duk inda aka kama ka aka ɗauki zanen yatsunka, hukumar bincike ta tarayya, FBI, ake aika wa, ita kuma ta miƙa wa Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida. Babu magajin garin da zai iya tare wannan. Bambancin kawai shi ne ko gidan yari zai sake ka lokacinka ya yi, ko zai ajiye ka a zo a ɗauka. Ga wanda ya shigo ta hanyar da ka shigo, dokar Laken Riley ta Janairun 2025 ta ƙara tsananta lamarin: kamu kan zargin sata, ko ta kayan kanti ce, ya isa a tsare mutum ba beli, tun ba a same shi da laifin ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka ma ba ɗan sanda ba ne, kotu ce. Shari'arka ba ta bin ka da kanta. In ka tashi, kwana 5 na aiki gare ka ka sanar da kotu sabon adireshi da fom EOIR-33, kwana 10 kuma ga hukumar USCIS, mai kula da takardun shige da fice, da fom AR-11. Wasiƙa ta je tsohon gida, ka rasa zama ɗaya, alƙali zai iya yanke hukuncin kora ba ka nan. In kuma aka mayar da shari'ar Charlotte, wadda ke duba ta mazauna jihar, an san kotun da yawan ƙin amincewa da masu neman mafaka fiye da ta New York nesa ba kusa ba. A ganina, kada ka motsa sai ka zauna da lauyan shige da fice na gaske, ba mai cike fom a bayan shagon aika kuɗi ba, ya gaya maka ko za ka iya komawa can shari'ar ta ci gaba a nan. Rangwamen haya bai kai takardarka ba.

Batun keke, je ka kai ƙara. Ƙa'idar New York tun 2003 ita ce ba a tambayar wanda aka zalunta ko mai ba da shaida matsayin takardunsa. Ɓarayin sun san masu kai abinci na tsoron caji ofis, shi ya sa suke bin ku. Ka nemi tafinta, ka karɓi lambar rahoton. In an ji maka ciwo ko an zaro maka makami, gaya wa lauyanka, domin akwai bizar U ta waɗanda aka yi wa wasu manyan laifuka suka taimaki 'yan sanda. Satar keke kaɗai ba ta kai ba, layin kuma na shekaru ne, tunda 10,000 kawai ake bayarwa a shekara.

A nan ko a can, in aka ƙwanƙwasa da asuba, kada ka buɗe. Ka ce a turo takardar warantin ta ƙarƙashin ƙofa, ka duba saman: sunan kotu da sa hannun alƙali ne, ko tambarin ma'aikata da sa hannun jami'in ICE? Kana da 'yancin yin shiru. Kada ka gudu, kada ka yi ƙarya, kada ka sa hannu a abin da ba ka gane ba.

Inna kuma a lallaɓa ta. Ita so take ta ji kana inda wani zai san halinka idan ciwo ya zo, kuma ba ta yi kuskure ba. Ka faɗa mata ba zumunci kake gudu ba, ranar kotu kake jira. Yau ɗin nan ka tura wa Yaya lambarka ta shige da fice, mai farawa da harafin A, da lambar wayar lauya. Da ita da sunan ƙasar haihuwa ake neman mutum a shafin ICE idan an tsare shi.