Tambayoyinku: Ina labarin yarinyar fim ɗin mutum-kura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah na kalli wani tsohon fim ɗin Amurka baƙi da fari a YouTube, I Was a Teenage Werewolf, wanda wani ɗan makaranta yake rikiɗa ya zama kamar kura. Yarinyar da ta fito budurwarsa ta burge ni wlh, wace ce ita kuma me ya sa ban taɓa jin sunanta ba? Daga ƙanwarki a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, ke kam kin tono tsohon kaya. Sunanta Yvonne Lime, an haife ta a 1935 a Glendale, jihar Kalifoniya, fim ɗin kuma na 1957 ne, saurayin nan mai gashi a fuska shi ne Michael Landon da ya zo ya yi suna a shirin Bonanza.

Rashin jin sunanta ba abin mamaki ba ne. Lokacin kamfanoni irin su American International Pictures sun gano samari da 'yan mata na da 'yan kuɗi a aljihu, sai suka dinga buga finafinai masu arha cikin 'yan makonni ana haskawa a silimar da ake kallo daga cikin mota, a irin waɗannan finafinan kuwa budurwa aikinta ta yi kyau ta tsorata ta yi ihu shi ke nan. Ta fito a High School Hellcats da Dragstrip Riot a 1958, ta ɗan leƙa Loving You na Elvis Presley, a talbijin kuma ita ce ƙawar babbar 'yar gidan a Father Knows Best, ta shigo falo ta yi hira ta fita.

Ni dai a ganina babban aikinta ba a gaban kyamara ta yi shi ba. A 1959 sun je Japan nishaɗantar da sojojin Amurka ita da ƙawarta Sara Buckner, suka tsinci yara 11 a titin Tokyo bayan guguwa, cikin sanyi, gidajen marayu sun ƙi karɓarsu wai don ruwa biyu ne, iyayensu maza sojojin Amurka. Daga nan suka kafa International Orphans, wadda ta koma Childhelp, har yau tana kula da yaran da ake cin zarafinsu. A 1969 ta auri furodusa Don Fedderson, ta bar fim.