Taro ɗaya a garuruwa uku: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani kamfanin takin zamani da ke da hedikwata a Kano da rassa a Sakkwato da Maiduguri. Oga ya ce bana ba za a kwaso dillalai zuwa Kano ba saboda tsadar sufuri, kowane reshe ya tara nasa, a haɗa taron ta bidiyo. Ni aka ɗora wa aikin. Ta ina zan fara?
*Wata ma'aikaciya, Kano*

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Fara da murya, ki bar zancen kyamara tukuna. Jama'a na haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma da zarar magana ta fara yankewa, kowa zai koma danna wayarsa. A kowane zaure kwamfuta ɗaya tak ce za ta shiga taron da sauti, a jona ta da lasifikar zauren. In wani ya shiga da wayarsa a ɗakin bai kashe makirfo ba, amsa-kuwwa za ta hana kowa ji.

Kada ki dogara da layi ɗaya. In kina da MTN, ki ajiye Airtel a gefe, ko Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam wanda ya shigo Najeriya a 2023, in aljihun kamfani zai ɗauka. Na'urorin su zauna kan inbata, domin kafin a tayar da janareta an riga an yanke ku. Kuma Zoom, manhajar taron bidiyo, na kyautarsa yana katsewa bayan minti 40, ki sa oga ya biya.

Ga abin da na fi ganin ana sakaci da shi. Agogon garuruwan uku ɗaya ne, amma rana ba ɗaya ba ce: Maiduguri na riga Sakkwato shiga lokacin salla da kusan rabin awa. In kika yanka hutu da azahar ɗin Kano kaɗai, zaure ɗaya zai watse ana tsakiyar jawabi. Ni dai da safe nake sa irin wannan taro, a tashi kafin azahar, kowa ya ci abinci a garinsu.

Sannan kowane zaure ya samu mai gabatarwa nasa, mutumin da dillalan wurin suka sani, da yaro ɗaya mai kula da na'ura, ku na zaurukan uku kuna magana ta WhatsApp a bayan fage. Kada Kano ta cinye taron. Dillalin da ya taso daga Biu ko Illela bai zo kallon talabijin ba. A ba Maiduguri buɗe taro da addu'a, tambayar farko ta fito daga Sakkwato, kyaututtuka kuma su isa rassa tun kafin ranar, a miƙa su hannu da hannu.

Ana jibi taro ku yi gwaji a zaurukan da kansu, a daidai sa'ar da za a fara. Kowane manajan reshe ya riƙe jawabin oga a rubuce, in layi ya ɗauke ya tashi ya karanta.