Igiyar Hawa Bishiya: Amsoshin Wasiƙunku

Da zarar hadari ya fara haɗuwa, kowa sai ya tuna da reshen darbejiyar da ya leƙo kan kwanon gidansa. Shi ya sa wasiƙun wannan mako suka karkata kan masu datse bishiya da kayan aikinsu.

Malam, sana'ata datse darbejiya da turare a gidajen mutane. Ina da igiyar roba shuɗiya irin ta ɗaure kaya a mota, mai kauri sosai. Zan iya ɗaure kaina da ita? (Daga Funtuwa)

A'a. Ka bar ta wa buhunan masara. Robar da ake yin ta da ita, folifirofilin, rana ce ke cin ta, kuma tana narkewa tun zafi bai wuce digiri 165 ba. Gogayya da reshe lokacin da take zamewa da nauyi ta isa ta ƙone ta. Ka karce taka da farce, in ka ga gari yana zuba to ta riga ta mutu. Igiyar hawa ta gaskiya da foliyesta ko nailan ake saƙa ta, ciki daban riga daban, kaurin milimita 11 zuwa 13. A ma'aunin Turai na EN 1891, rukunin A, sai ta jure aƙalla kilonyuton 22, wato kusan kilo 2,200, kafin ta tsinke.

Na ga ɗamarar hawa da ƙugiyoyi masu makulli da sunan Petzl a wani shafin sayayya na intanet, kuɗinsu bai kai kwatan na dila ba. Akwai kuma mai gwanjo da ya ce yana da igiya 'yar Ingila. Wanne ya fi? (Daga Kaduna)

Ɗan'uwa, duka biyun kallon kitse kake yi wa rogo, kuma ka yi haƙuri, zan ɗan daɗe a kanka.

A shekarar 2011 kamfanin Petzl na Faransa da kansa ya fitar da gargaɗi cewa jabun kayansa sun shiga kasuwa, har da ƙugiya da fuli (ƙaramar tayar da igiya ke bi ta kanta) da na'urar hawa igiya. Abin tsoron shi ne, masu jabun sun kwaikwayi launi da tambari da lambobi da takardar bayani da kwali, ta yadda ido ba ya rabe su cikin sauƙi, amma a gwaji suna karyewa ƙasa da nauyin da aka rubuta a jikinsu. Saboda haka rubutun da ke jikin ƙarfe matakin farko ne kawai. Ka duba shi dai: EN 362 (ma'aunin Turai na ƙugiyoyi), alamar CE ta cika ƙa'idar Turai da lambobi huɗu a gabanta, da ƙarfin ƙugiyar da kilonyuton. In babu waɗannan, marataya mukulli ce aka sayar maka. In kuma akwai su, sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi: a hannun wa ka saya? Manyan kamfanoni suna jera dilolinsu a shafukansu. Ka nemi ɗaya, ka karɓi rasit, ka adana.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muke kasafin kuɗi. Mutum zai cije ya sayi injin yankan itace mai tsada, ya canja waya, amma da an zo kan abin da zai riƙe ransa a sama sai ya fara "ba ragi?" Jabun caja in ta lalace ka yi tsaki ka sayi wata. Wanda ƙugiya ta karye masa a saman turare, ba shi ne zai koma wajen mai shago ba.

Gwanjo kuwa, ko igiyar ta asali ce, ba ka san tarihinta ba. A Ingila dokar 1998 kan kayan ɗaga nauyi ta wajabta ƙwararre ya binciki kayan da ke ɗaukar mutum duk wata shida. To ka tambayi kanka: me ya sa mai ita ya rabu da ita? Ruwan batir yana cinye nailan ba tare da ya bar tabon a zo a gani ba. Igiyar da ta taɓa tare faɗuwa mai tsanani tana iya zama fes a ido. Petzl ma ba ya yarda a yi aiki da kayansa na zare bayan shekara 10 da ƙera su, ko da a kwali suka tsufa. Riga da takalmi, je ka gwanjo lafiya. Igiya da ɗamara, sababbi ko kuma ka haƙura da aikin.

Igiya ɗaya mai kyau gare ni. Da ita nake hawa, da ita nake sauko da rassa. Akwai laifi? (Daga Maraɗi)

Akwai, babba ma. Ɗanyen gungume mai faɗin santimita 30 da tsawon mita 1 ya fi buhun siminti nauyi. In ya faɗo ya yi 'yar tafiya kafin igiya ta cafke shi, fizgar tana ninka nauyinsa sau da yawa, kuma kowace fizga tana rage wa igiyar kwana. Ƙulli shi ma yana cin kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta, wani har rabi. Reshen da ka rataya fuli a kansa kuma kusan ninki biyu yake ɗauka, domin ana jan sa ta ɓangaren gungume da ta ɓangaren mai riƙo. Shi ya sa masu wannan aiki suke raba ƙarfin igiyar sauke kaya gida goma: mai kilo 2,000, kilo 200 ne rabonta. Ka sayi ta biyu mai launi daban don kada yaranka su rikita su. Kafin nan, ka riƙa yanka ƙanana.

Malam, ɗana ɗan shekara 22 ya shiga wannan sana'a. Duk ranar da ya fita ba na samun sukuni. Na kwashi adashi, ina so in saya masa abin da zai kare shi. (Wata uwa, daga Kano)

Hajiya, Allah Ya saka miki da alheri, Ya tsare shi. Ki kwantar da hankalinki, sana'a ce da mutane ke tsufa a cikinta in suka bi ta a hankali. Ki fara da ɗamara mai kama ƙugu da cinyoyi, mai lamba EN 813, domin igiya a ƙugu zalla tana iya ji masa ciwo a ciki ko baya ranar da ya zame. Sai igiyar hawa, da ƙugiyoyi masu kulle kansu, da gajeruwar igiya ta biyu da zai zagaya jikin bishiya da ita, don ya kasance a ɗaure wuri biyu duk lokacin da yake yanka. Sai hular kwano mai maɗaurin haɓa. Ki tafi da shi ya gwada ɗamarar a jikinsa.

Akwai kuma abin da ba da kuɗi ake saye ba, kuma maganarki ce za ta fi tasiri. Ki sa ya yi miki alkawari ba zai hau shi kaɗai ba, sai da wanda zai iya sauko da shi in ya ji rauni. Bishiyar da ke kusa da wayar lantarki kuma, ko nawa aka ba shi, sai ma'aikatan wuta sun kashe layin. Kada ya ce ai an ɗauke wuta. Ba a sallama in za a kawo ta.

Igiyata ta yi ƙaro da datti. In wanke ta da fetur? (Daga Bauci)

Haba malam! Ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ka shanya a inuwa. Ka ajiye ta a jaka, nesa da batir da galan ɗin mai. Kafin kowane hawa ka bi ta da hannu daga kai har gindi, inda ka ji ta yi laushi ko ta ƙandare ko ta yi ƙyalli kamar ta narke, ka yanke wurin ka yar.