Yawon ganin hasumiyoyin fitila da dabbobin teku a ƙarshen Satumba: ya cancanci kuɗinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana mun biya kuɗin tafiyar mako guda a babban jirgin ruwan shaƙatawa da zai tashi daga New York a ƙarshen Satumba. Zai yada zango a Portland da Bar Harbor cikin jihar Maine, sannan Halifax ta ƙasar Kanada. Kamfanin yana tallar wani yawo na ganin hasumiyoyin fitila (masu haska wa jiragen ruwa hanya da dare) da dabbobin teku, kuma hotunan tallar duk na tsuntsun fafin ne mai baki kala-kala, da kifin wel. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Mu biya? Kuma ta hannunsu za mu saya ko mu nemi namu idan mun sauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Hasumiyoyin za ku gan su in Allah ya yarda, domin gini ba ya ƙaura. Amma fafin ku cire shi daga lissafi. Wannan tsuntsu a tsakiyar teku yake rayuwarsa, ba ya hawa tudu sai don ya yi ƙwai, ƙwan ma guda ɗaya tak, cikin rami ko ƙarƙashin duwatsu. A tsibiran Maine yana zuwa wajen ƙarshen Afrilu, kafin Agusta ya fita kuma ya kama gabansa. Lokacin da jirginku zai iso, tsibiran sun zama kango. Ko da kun yi dace da ɗaya yana iyo can nesa, ba za ki gane shi da hoton ba, saboda bayan ya gama kiwon ɗansa ɓawon bakin nan mai ja da rawaya yana zubewa, farar fuskar ta koma toka-toka. Hoton tallar na Yuni ne ko Yuli, manyan jiragen kuwa sun fi yin cincirindo a yankin a Satumba da Oktoba, don ganin ganyayen itatuwa sun rine.

Abin takaici ne, don fafin na Maine yana da tarihi mai daɗin ji. Mafarauta sun kusa ƙarar da shi. A 1901 namiji da mace kaɗai aka sani sun rage a tsibirin Matinicus Rock. A 1973 wani masanin tsuntsaye, Stephen Kress, ya fara ɗauko 'yan tsaki daga Newfoundland ta Kanada yana renonsu a tsibirin Eastern Egg Rock, har da kafa gumakan fafin na katako don ya ja hankalin manyan su sauko. Sai a 1981 suka soma ƙyanƙyasa a can. Kada sunan ya ruɗe ki: hasumiyar Egg Rock da ake nuna wa baƙi a kusa da Bar Harbor, wadda aka gina a 1875, wani wuri ne dabam.

To me ya rage a ƙarshen Satumba? Akwai dabbar sil, mai ƙiba da gashin baki, wadda ke hawa duwatsu ta kwanta shan hantsi. Akwai mikiya mai farin kai, tambarin Amurka, da ƙananan dangin dolfin da ke ɓullo da baya su nutse. Wel ma yana nan har cikin Oktoba, sai dai ba a bakin gaɓa ba. Nan ne mutane ke shan mamaki. Kwale-kwalen da ke zagaya hasumiyoyi na awa biyu a cikin lungun teku yake yawo, wel kuwa yana can waje inda abincinsa yake, zuwa da dawowa kan cinye rabin yini. Idan wel kike so, sayi yawon wel takamaimai, ki haƙura da sauran. Ko a can ma ba lallai a matsa kusa ba. Irin wel ɗin da ya fi ƙaranci a Tekun Atlantika ta arewa, wanda bai kai 400 ba a duniya, dokar Amurka ta hana kusantarsa ƙasa da yadi 500.

Game da sil, ga abin da takardar talla ba ta faɗa. Ruwan teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini, kuma a Bar Harbor bambancin kan kai mita uku. Idan ruwa ya janye, duwatsun kwanciyar sil suna waje, ki gan su jibge a kai. Idan ya cika, duwatsun sun nutse, sai dai ki hango kawuna a ruwa kamar ƙwarya ta kife. Jadawalin cika da janyewar yana intanet kyauta, na kowace rana. In an ba ku zaɓi tsakanin fitar safe da ta rana, ɗauki wadda ta fi kusa da janyewar ruwa.

Ni da zan tsara muku, kwale-kwale sau ɗaya za ku hau, a Bar Harbor, sauran biyun ku bi ta ƙasa. A Portland ba sai kun biya kuɗin rukuni ba. Hasumiyar Portland Head, wadda aka fara kunnawa a Janairun 1791 zamanin George Washington, shugaban Amurka na farko, kuma mafi tsufa a Maine, tasi zai kai ku cikin kamar minti ashirin. Tsohon gidan mai gadin fitilar ya zama gidan tarihi, kuma daga bakin dutsen ana hango wata hasumiyar, Ram Island Ledge, tsaye a cikin ruwa. Hawa cikin hasumiyar dai ba a bari, sai rana ɗaya a shekara. Ki lura da walƙiyarta idan jirginku ya fita da yamma: farin haske duk bayan daƙiƙa huɗu. Kowace hasumiya da nata salon ƙiftawa, ta haka matuƙi ke sanin wadda yake kallo cikin dare.

Halifax kuwa can zan ce ku bi motar kamfani. Hasumiyar Peggy's Cove, ginin 1915, tafiyar kusan awa guda ce daga tashar jirgi, kuma agogon Halifax yana gaban na Maine da awa ɗaya. Wanda ya sayi yawo ta hannun kamfani, in motarsu ta makara jirgi zai jira, ko su ɗauki nauyin kai shi tasha ta gaba. Wanda ya yi gaban kansa ya makara, daga bakin tasha zai ɗaga wa jirgin hannu. A Peggy's Cove kada ki taka baƙaƙen duwatsu. Baƙin nan alama ce igiyar ruwa na kaiwa wurin, kuma ta sha fizge masu ɗaukar hoto ko a ranar da teku ke kwance.

Bar Harbor tana da nata sharaɗin. Manyan jirage ba sa jingina da gaɓa, a tsakiyar ruwa suke jefa anga, ƙananan jirage su riƙa jigilar mutane, kuma masu tikitin yawon kamfani ake fara saukewa. A 2022 mazauna garin suka kaɗa ƙuri'ar taƙaita masu sauka zuwa 1,000 a rana, don haka ki sake duba takardunku ki tabbatar zangon yana nan. In za ku sayi yawon daga masu kwale-kwalen gari, wanda sau da yawa ya fi araha, kada ku ɗauki fitar farko ta safe, kuma ku tambaya ko suna mayar da kuɗi idan iska ko hazon teku ya hana jirgi sauke mutane.

Ku tafi da rigar sanyi mai tare iska da hula mai rufe kunne, domin sanyin kan ruwa ya fi na gari nesa ba kusa ba. Madubin hangen nesa guda ɗaya ya ishe ku biyu. Kyamarar waya ba ta kamo sil daga nesa, sai ɗigo. Kada kuma natsuwar babban jirgi ta yaudare ki, ƙaramin kwale-kwale rawa yake yi. In kina da saurin jiri ko tashin zuciya, ki sha maganin kamar awa guda kafin hawa, bayan kin tambayi likita ko ya dace da sauran magungunanki, sannan ki zauna a waje ta tsakiya kina kallon nesa.