Tocilar da ke haska kilomita biyar

Tambaya: Na ga tocila mai araha, a kwalinta an rubuta yawan haskenta lumen 100,000 ne, wai haskenta na kai kilomita biyar. In saya?

Malam, ai kai ma ka san amsar. Ƙwan fitilar mota na halojin lumen 1,000 zuwa 1,500 yake bayarwa. 'Yar tocila mai batir ɗaya ce za ta ninka shi sau sittin? Tawada ba ta da tsada, shi ya sa suke ƙara sifili yadda suka ga dama. Riƙe kuɗinka.

Tambaya: Mahaifina gadi yake yi da dare, idonsa kuma ya fara rauni. Ina son in saya masa wadda ke hango nesa, amma ina tsoron a cuce ni.

Allah ya yi miki albarka, 'yar'uwa, kwantar da hankalinki. Lumen yawan haske ne gaba ɗaya, nisa kuwa aikin kandela ne, wato yadda aka tattara hasken ya zama tsinke guda. A ƙa'idar auna tocila ta ANSI FL1, nisan tocila shi ne inda haskenta ya ragu zuwa kwatankwacin farin wata, kuma kafin ta kai kilomita ɗaya sai tana da kandela 250,000. Ki nemi mai faɗin kai, kwanon madubinta mai zurfi da santsi, ƙwan LED ɗin kuma ƙarami. Irin Convoy C8 masu sha'awar tociloli sun daɗe suna yabonta saboda wannan. Ki raba nisan da aka rubuta biyu, ko ma uku, shi ne inda Baba zai iya bambance mutum da kututture. Kada ki damu idan haske mafi ƙarfi ya ragu bayan 'yan mintoci, zafi take gudu.

Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne batirin da ake cusowa a cikin kwali. Batirin 18650, wato batirin litiyom mai caji da irin waɗannan tociloli ke amfani da shi, na gaskensa, irin na Samsung, LG, Panasonic ko Molicel, yawan cajin da yake ɗauka ba ya wuce mAh 3,500 da 'yan kai. Duk wanda aka rubuta wa 9,900 ƙarya ce tsagwaronta. Na gaske yakan kai giram 45 ko sama da haka. Na jabu sakayau yake a hannu, wani ma ɗan ƙaramin batir ne aka ɓoye a cikin babban gwangwani, wani kuma tsoho ne aka yi wa sabuwar riga. Da ƙarewar caji ce kawai matsalar, da na yi shiru. Batirin litiyom in ya ɓaci yana iya kama wuta, kuma a aljihun mutum ko kusa da shimfiɗarsa yake yi. Mutum ya tsaya yana cinikin tocila har gumi, batirin kuwa ko kallo bai ishe shi ba! Ki sayi batir daban daga wurin da kika amince da shi. Wanda rigarsa ta yage a daina amfani da shi, kada a jefa shi aljihu tare da makullai, kada kuma a bar shi a caji a kwanta barci.

Tambaya: Tocila mai zuƙowa, wadda ake jan kanta a tsuke hasken, ta fi, ko?

A'a. Idan ka zuƙo, haske mai yawa a cikin kanta yake maƙalewa, ga ƙura da ruwa na samun hanyar shiga.